Tallafin da ya raba manoman auduga da gonakinsu a jihohin kudu na ƙasar Amurka, 1933 zuwa 1939

A watannin Yuli da Agusta na 1933, mutanen jihohin kudu na ƙasar Amurka suka ga abin da ko kakanninsu ba su taɓa gani ba. Auduga ta yi kyau, ta wuce gwiwa, ta yi fure, wata har ta fara ɗaura 'ya'ya, sai ga manoma sun sa wa alfadarai garma sun shiga gona suna kife ta. Waɗanda suka shaida abin sun ce alfadaran tirjewa suka riƙa yi. Dabbar da tun tana ƙarama aka hore ta da bulala a kan ta bi kwari, kada ta kuskura ta taka shuka, yau ita ake duka don ta hau kan kunya ta tattake. Kafin a gama, an kife eka fiye da miliyan 10, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk audugar da aka shuka a ƙasar a wannan shekara. Gwamnati ce ta ce a yi, kuma biya ta yi.

Daga nan ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen ceto na Shugaba Franklin Roosevelt ya fara, cikin jerin matakan da aka yi wa laƙabi da New Deal. Abin da ya sa na tsaya a kansa shi ne, shirin ya cimma abin da aka kafa shi dominsa. Farashi ya tashi, bankuna sun rage ƙwace gonaki, kuɗi ya koma zagayawa a garuruwan kudu. Amma mutanen da suka fi kowa talauci a harkar audugar, waɗanda hannunsu ke shukawa da cirewa, da matsuguninsu suka biya kuɗin wannan nasara.

Halin da ake ciki

Kasuwar hannayen jari ta New York ta faɗi a Oktoba 1929, bankuna dubbai suka bi bayanta. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu neman aiki a Amurka zaman kashe wando yake yi, kusan mutum miliyan 13 ke nan. Manoma kuwa sun riga kowa shiga uku, domin tun bayan yaƙin duniya na farko amfanin gona bai sake yin daraja ba. Laba ɗaya ta auduga da ake saya kusan santi 17 (santi 100 ne dala ɗaya) a 1929 ta koma ƙasa da santi 6 a 1931. Manomin da ya ga farashi ya karye sai ya ƙara faɗin gona don ya cike giɓi, maƙwabcinsa ma haka, kaya ya ƙara yawa, farashi ya ƙara faɗuwa. Dilolin da ke jibge a sito ba mai saye sun kusa kai noman shekara guda cur.

An rantsar da Roosevelt ranar 4 ga Maris 1933. Ranar 12 ga Mayu ya sa hannu a kan dokoki biyu: ta agajin gaggawa, mai dala miliyan 500, wadda Harry Hopkins ya jagoranta, da ta daidaita harkar noma, wadda ta haifi hukumar da ake kira AAA a ƙarƙashin ministan gona Henry Wallace. Dabarar AAA ba ta da wuyar fahimta. A rage yawan abin da ake nomawa, farashi zai ɗaga da kansa. Gwamnati za ta biya manomi kamar ta karɓi hayar filin da ya bari, kuɗin kuma za su fito daga harajin da aka ɗora wa masu sarrafa amfanin gona; masaƙu, alal misali, santi 4.2 suke biya a kan kowace laba. Da yake dokar ta zo bayan an riga an yi shuka, sai ya zama dole a kife abin da ya tsiro, ana biyan dala 7 zuwa 20 a kan eka gwargwadon kyawun gonar. A daidai lokacin aka yanka aladu wajen miliyan 6 don a ɗaga farashin nama, a ƙasar da mutane ke bin layin abincin sadaka. Wallace da kansa ya ce lalata shukar da ke tsaye abin kunya ne ga wayewar zamaninsu. Surutun da ya biyo baya ne ya sa a watan Oktoba aka kafa hukumar sayen rarar abinci don raba wa mabuƙata.

Auduga ta koma santi 10 a 1933, ta haura 12 a 1934. Wanda yake da gonar kansa, babba ko ƙarama, ya ga canji a aljihunsa. Dole a faɗi wannan tukuna, don kada a ɗauka shirin shirme ne tun daga tushe. Matsalar tana cikin kalma ɗaya: wane ne "manomi" a idon takardar gwamnati?

Noma-mu-raba

Da aka kawo ƙarshen bauta a 1865, bayin da aka 'yanta ba su da ko taƙin ƙasa, masu gandu kuma suna da ƙasa ba su da kuɗin biyan leburori. Sai aka haɗu a kan abin da Bahaushe ya sani da noma-mu-raba. Mai gandu ya yanka maka fili, ya ba ka ɗan gidan katako, da alfadari, da garma, da iri. Kai kuma ka kawo ƙarfinka da na matarka da na 'ya'yanka, har ɗan shekara shida da zai iya jan buhu. In an cire auduga a raba biyu. Wanda ke da alfadarinsa da kayan aikinsa ya ɗan fi daraja: shi kashi ɗaya cikin huɗu na auduga yake bayarwa, da ɗaya cikin uku na masara. A hankali talakawan Turawa ma suka faɗa cikin tsarin. Ƙidayar 1930 ta nuna magidanta 776,000 ne ke noma-mu-raba a kudu, kusan rabi baƙaƙen fata, rabi farare.

A baki rabon ya yi kama da adalci. Sai an duba littafin bashi ake gane yadda abin yake. Daga watan Maris har kaka, iyalin ba su da ko sisi, don haka a kantin mai gandu suke ɗaukar garin masara, da kitsen alade, da maɗin rake, da yadin da za a ɗinka wa yara riga. Farashin bashi daban yake da na kuɗi hannu, ga kuma ruwa a kai. Mai gandu ne ke kai audugar gidan gurza, shi ke sayarwa, shi ke riƙe da littafi. A watan Disamba sai magidanci ya zo ofis, hula a hannu, a karanto masa: audugarka ta yi kaza, ka ci kaza, saura kaza. Sau da yawa sauran bashi ne da za a ɗora a kan na baɗi, wanda kuma ake bi bashi ba shi da bakin cewa zai tashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Neman a nuna maka lissafi kuwa, in kai baƙar fata ne, wasa da rai ne. A 1919, a yankin Elaine na jihar Arkansas, manoman da suka haɗa kai don ɗaukar lauya ya nema musu lissafin gaskiya an far musu da bindigogi, aka kashe baƙaƙen fata da masana tarihi da dama ke ƙiyasta sun haura ɗari. Wannan labari yana cikin zuciyar kowane ɗan noma-mu-raba a lokacin da cakin gwamnati ya fara isowa.

Inda kuɗin ya bi

A 1933 da mai gona kaɗai gwamnati ta ƙulla yarjejeniya. Shi ake aika wa caki, tare da umarnin ya ba masu noma masa kasonsu. Wasu sun bayar, ba a rasa na Allah. Da yawa kuwa sai suka buɗe littafi suka ce kason ya tafi cikin tsohon bashi. Magidancin da ya kife rabin guminsa da hannunsa bai ga ko takardar ba.

Yarjejeniyar 1934 da 1935 ta fi muni, domin a wannan karon a rubuce rashin adalcin yake. An nemi a rage filin auduga da wajen kashi 40 cikin 100. Biyan ya kasu biyu: kuɗin haya, santi 3.5 a kan kowace labar da ba a noma ba, da wani ƙari na santi 1. Kuɗin haya na mai ƙasa ne. Ɗan noma-mu-raba rabin ƙarin kawai aka ware masa, wato rabin santi. A ƙaddara eka ɗaya da ta saba ba da laba 200. In an bar ta, gwamnati za ta biya dala 9: mai gandu 8, mai noma 1. Da an noma ta an sayar a santi 12, dala 24 ce, kowa 12. Mai gandu ya yi asarar kaɗan kuma bai kashe kuɗin iri da taki ba, ga sauran audugarsa ta ninka daraja. Mai noma ya tashi daga 12 ya koma 1, ita ma ɗayar ta hannun mai gandu za ta biyo.

Daga nan lissafin ya fito fili ga duk mai gandu. Filin da aka rage da kashi 40 ba ya buƙatar iyalai goma. Shida sun isa. Kuma in babu mai noma-mu-raba a gonar, har rabin santin ma naka ne. Sai ka sallame su, ka ɗauki 'yan ƙodago lokacin noman ciyawa da lokacin cira, santi 75 daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, watannin sanyi kuma ba ruwanka da cikinsu. Wa zai ciyar da su? Ofishin agajin gaggawa. Haka hannun gwamnati ɗaya ya riƙa tura mutane waje, ɗaya hannun yana tarbarsu da garin masara. A gundumomi da dama, da zarar auduga ta fashe sai jami'an agaji na yankin su cire sunaye daga jerin masu karɓa, don yunwa ta kora su gona a kan kowane farashi mai gandu ya yanka.

Waɗanda suka rubuta yarjejeniyar sun hango haka. Shi ya sa suka sa sakin layi na 7, wanda ya ce mai gona zai ci gaba da riƙe adadin mutanen da ya saba riƙewa, ya bar su cikin gidajensu ba haya. Amma an sa "iya gwargwadon iko" a gaban wannan sharaɗi, aka kuma ba shi damar korar duk wanda ya zame masa fitina ko barazana. Wa zai ce ga iyakar iko, wa zai ce ga mai fitina? Kwamitin gunduma. Su wane ne a kwamitin? Manyan masu gandu, tare da malamin gona na gunduma, wanda aikinsa ya dogara da yardarsu. Magidanci ya samu wanda ya iya rubutu, ya aika kuka Washinton, takardar ta dawo hannun malamin gona don ya bincika, malamin gona ya tambayi mai gandu. Kafin mako ya zagayo an san wanda ya rubuta. An ba kura ajiyar nama, an kuma naɗa ta alƙalin ɓatansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin rabon taki ko iri, ya ga jerin sunayen yana hannun wanda ya fi kowa gona, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Me ya sa Washinton ta yarda? Sauri na ciki. A 1933 an ƙulla yarjejeniya fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan makonni, kuma ba wata hanyar isa ƙauyuka sai ta malaman gona da ke ƙasa. Amma ba sauri kaɗai ba ne. Shugaban sashen auduga, Cully Cobb, ɗan kudu ne da ya yi imani cewa ba hurumin gwamnati ba ne shiga tsakanin mai gandu da mutanensa. Mai kula da kuɗin hukumar, Oscar Johnston, shi ne manajan gandun Delta and Pine Land a jihar Misisipi, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar, wanda ya karɓi fiye da dala 300,000 daga shirin tsakanin 1933 da 1935. Gandun mallakar masu masaƙu ne na Manchesta a Ingila, yankin da audugar ƙasar Zazzau da Katsina ma can take ƙarewa a wancan zamani. A majalisa kuwa, manyan kujeru suna hannun 'yan kudu na jam'iyyar Dimokurat, wato jam'iyyar Roosevelt. Jagoran masu rinjaye a majalisar dattawa, Joseph Robinson, ɗan Arkansas ne, kuma duk dokar da Roosevelt ke so sai ta bi ta gabansa. Su kuwa masu noma-mu-raba, harajin zaɓe da jarrabawar karatu da tsoro sun raba mafi yawansu da ƙuri'a. Wanda ba shi da ƙuri'a, ba shi da takardar gona, ba shi da kujera a kwamiti, ta ina muryarsa za ta shiga?

Mutum goma sha takwas a Tyronza

Ta wani ƙaramin gari ta shiga. A kusa da Tyronza, cikin gundumar Poinsett ta Arkansas, wani mai gandu, Hiram Norcross, ya sallami iyalai fiye da ashirin. A garin akwai abokai biyu, H. L. Mitchell mai shagon wanki da guga, da Clay East mai gidan mai, dukansu mabiya Norman Thomas, jagoran jam'iyyar Soshalis. A watan Yuli 1934, mutum 18 suka taru da dare a wata makarantar ƙauye da ake kira Sunnyside, 11 farare, 7 baƙaƙe. Tambaya ta farko ita ce ko a yi ƙungiya biyu, kowane jinsi da tasa, kamar yadda aka saba yin komai a kudu. Kamar yadda Mitchell ya ba da labari daga baya, wani dattijo baƙar fata, Isaac Shaw, wanda ya tsira daga kisan Elaine, shi ya miƙe ya tuna musu yadda aka murƙushe baƙaƙe da suka tashi su kaɗai, ya ce mai gandu ɗaya ne ke cin gumin duka biyun. Aka tsaya a kan ƙungiya ɗaya, Ƙungiyar Manoman Haya ta Kudu. A jihar da doka ta hana baƙi da fari zama a benci ɗaya a jirgin ƙasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Taronsu da addu'a yake buɗewa, da waƙoƙin coci, domin fastocin ƙauye ne da yawa daga cikin jagororin. Kafin ƙarshen 1935 ƙungiyar tana ƙirga mambobi wajen 25,000.

Abin lura, ba su fara da neman a soke shirin ba. Cewa suka yi a cika abin da aka rubuta a sakin layi na 7. A Janairu 1935 wakilansu suka je Washinton suka ga Wallace. Ya tura wata lauya, Mary Connor Myers, ta je ta gani da idonta. Ta tattara shaidar ɗaruruwan mutane, ta kawo rahoto, aka kulle shi a durowa, ba a fitar wa jama'a ba. A cikin hukumar kuma rigima ta ɓarke. Lauyoyinta, ƙarƙashin Jerome Frank, suka fitar da fassarar cewa dole mai gandu ya riƙe ainihin mutanen da ke gonarsa, ba adadinsu kawai ba, suka aika da ita jihohi lokacin da shugaban hukumar, Chester Davis, ba ya gari. Da ya dawo ya janye ta, ya ce wa Wallace ko shi ko su. A Fabrairu 1935 aka kori Frank da abokan ra'ayinsa. Wallace mutum ne mai tausayin talaka, rubuce-rubucensa sun nuna haka, amma ya auna ya ga in masu gandu da sanatocinsu suka juya baya shirin gaba ɗaya zai rushe. Da Norman Thomas ya kai kuka wurin Roosevelt, amsar da ya samu ita ce ya yi haƙuri, shi shugaban ya fi shi sanin siyasa. A ganina a nan ne al'amarin ya tashi daga kuskure ya zama zaɓi. Kafin Fabrairu 1935 ana iya cewa ba a sani ba. Bayan nan an sani.

Masu gandu sun gane saƙon. A watan Maris aka shiga harbin gidajen jagororin ƙungiya cikin dare, ana tarwatsa taro a coci, aka sauko da Thomas kansa daga kan dandamali a ƙauyen Birdsong. Ƙungiyar ta mayar da ofishinta birnin Memphis na jihar Tennessee, tsallaken kogin Misisipi. Duk da haka, a Satumba 1935 ta kira yajin aikin masu cirar auduga, aka raba takardu gida-gida cikin dare, gari ya waye gonaki fari fat ba kowa, har sai da aka ɗaga ladan cirar laba 100 zuwa santi 75 a wurare da yawa. A Yuni 1936 aka tare wani fasto Bature, Claude Williams, da wata Baturiya 'yar Memphis, Willie Sue Blagden, kusa da garin Earle, aka zane su da bulala. Jaridun ƙasar suka ɗauka, domin an taɓa mace farar fata. Baƙaƙen da aka daɗe ana duka ba su samu wannan kulawa ba. A ƙarshen shekarar kotun tarayya ta samu wani jami'in 'yan sanda na Earle, Paul Peacher, da laifin bautar da mutane: ya kama baƙaƙen fata lokacin yajin aiki da sunan zaman banza, ya kai su aiki a gonarsa. Tarar dala 3,500 aka ci shi.

Ranar 6 ga Janairu 1936 Kotun Ƙoli ta soke dokar AAA, alƙalai 6 a kan 3, saboda harajin da aka ɗora wa masu sarrafawa. Batun korar manoma bai shigo cikin hukuncin ba. Cikin makonni majalisa ta dawo da biyan da sunan kare ƙasar noma daga zaizaya, a 1938 kuma ta yi sabuwar doka.

An yi ƙoƙarin gyara, amma da cokali ake kwasar ruwan da ke shigowa da bokiti. Dokar Bankhead da Jones ta 1937 ta tanadi rancen sayen gona ga marasa gona, a biya cikin shekara 40 da ruwa kashi 3 cikin 100. Kuɗin shekarar farko dala miliyan 10 ne kacal, ga iyalai masu haya da noma-mu-raba kusan miliyan biyu a kudu kaɗai. Manyan dokokin da ake yabon wannan gwamnati da su kuwa, ta kare ƙungiyoyin ƙwadago ta Yuli 1935, da ta fansho da inshorar rashin aiki ta Agusta 1935, da ta mafi ƙarancin lada ta 1938, duka sun tsame leburorin gona da masu aikatau a gidaje. Dokar fanshon kaɗai ta bar kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata baƙaƙen fata a waje. Wanda shirin auduga ya mayar ɗan ƙodago sai ya tarar ƙofar da aka buɗe wa ma'aikata ma ba da shi aka buɗe ta ba.

Bakin titi, Janairu 1939

Sabbin dokokin sun ƙara kason masu noma-mu-raba, har aka fara aika musu cakinsu kai tsaye. Niyyar mai kyau ce. Sakamakonta shi ne riƙe su ya ƙara tsada ga mai gandu, sallamarsu ta ƙara riba. A kudu maso gabashin jihar Missouri, ɗaruruwan iyalai suka samu takardar tashi kafin 10 ga Janairu 1939.

Owen Whitfield fasto ne baƙar fata, shi ma ɗan noma-mu-raba, mai 'ya'ya da yawa, kuma mataimakin shugaban Ƙungiyar Manoman Haya ta Kudu. Ya san yadda aka saba: kowane iyali ya ɗaure kayansa cikin dare, ya ɓace a lungu, ba wanda ya gani. Sai ya riƙa bin coci-coci yana ce musu, in dai za a kwana a waje, a kwana inda duniya za ta gani. Ranar 10 ga wata da safe, matafiya a manyan tituna masu lamba 60 da 61 suka tarar da mutane fiye da dubu a gefen hanya, mafi yawansu baƙaƙe, da wasu farare. Ga gadajen ƙarfe a tsaye a kan ciyawa, ga katifu, ga murhu da bututun hayaƙinsa a kwance, ga kaji a akurki, ga keken ɗinki. An kafa barguna a kan sanduna don tare iska, tsofaffi da jarirai suna ciki. Bayan kwana biyu zuwa uku dusar ƙanƙara ta sauka a kansu. 'Yan jarida daga St. Louis suka ɗauki hotuna, ƙasa duka ta gani.

Masu gandu suka ce ba su kori kowa ba, 'yan tayar da zaune tsaye ne daga waje suka zuga su. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙi shiga, ta ce wannan bala'i ne da mutum ya haddasa. Cikin mako guda kwamishinan lafiya na jihar ya ayyana sansanonin a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, 'yan sanda suka kwashe mutanen a manyan motoci, suka sauke su a harabar coci da bayan madatsun ruwa, nesa da idon matafiya. Whitfield kansa sai da ya bar yankin saboda ana neman ransa. Ɗaliban Jami'ar Lincoln, ta baƙaƙen fata, da wani kwamiti a St. Louis suka tara kuɗi aka sayi fili eka 93 kusa da Poplar Bluff, aka zaunar da waɗanda suka rage. Kunyar hotunan ta sa hukumar kula da ƙananan manoma ta gina gidaje wajen 600 a yankin, waɗanda aka sani da gidajen Delmo, na baƙaƙe daban na farare daban. Da majalisa ta ce a sayar da su a 1945, mazaunan suka saye su da taimakon mutanen St. Louis.

Ƙidayar 1940 ta samu magidanta 541,000 a noma-mu-raba, daga 776,000 shekara goma baya. Baƙaƙe sun ragu daga 393,000 zuwa 299,000, farare daga 383,000 zuwa 242,000. Ba duka AAA ce ta kore su ba, kuma ba wanda ya san rayuwar zai yi kukan mutuwar tsarin. Ƙangi ne da ya kamata ya karye tun tuni. Abin da ke damuna shi ne yadda ya karye. Dukiyar jama'a ce aka zuba, ta zama jari a hannun mai ƙasa, da yawa suka sayi tarakta da ita. Wanda ya shekara talatin yana noma filin ya fita da gadon ƙarfe da murhu. Wasu suka koma unguwannin bayan gari suna jiran motar da za ta kwashe su ƙodago da asuba. Da yaƙin duniya na biyu ya buɗe masana'antu, sai aka kama hanyar tashar jirgin ƙasa, zuwa Shikago da Detroit da St. Louis da biranen Kalifoniya. Tsakanin 1940 da 1970 baƙaƙen fata wajen miliyan 5 suka bar kudu.

A kakar 1944, a gandun Hopson kusa da Clarksdale ta jihar Misisipi, aka noma wani yanki na auduga da inji tun daga huɗa har cira, ba a sa alfadari ba, ba a ɗauki mai jan buhu ko ɗaya ba.